Baba ya ce in bar Faransanci in koma karatun lauya

Anti, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a jami'a, na gama aji ɗaya a sashen harsunan waje. Faransanci ne babban darasina, ana ɗan haɗa mana da Jamusanci. Ni na zaɓi kwas ɗin da kaina, tun ina sakandare nake son sa. Sakamakona ba laifi, amma gaskiyar magana har yau in aka yi min magana da Faransanci sai bakina ya mutu. A takarda na san amsar, a baki ba ta fita. Da na zo hutu Baba ya zaunar da ni, ya ce ya yi shawara da abokansa, gara in nemi canji zuwa karatun lauya tun da wuri ko da zan maimaita shekara. Hujjojinsa uku: ba aikin da ke jiran mai digirin harshe sai koyarwa; wayar hannu ma yanzu fassara take yi kyauta; sai ta ukun da ta fi yi min ciwo, wai karatun al'adun Turawa da shekarar da ake tura mu wata ƙasa za su canza min tarbiyya. Bai tilasta ni ba, cewa ya yi in yi tunani kafin a koma. Shi yake ɗauke da komai nawa, kuma ban taɓa musu da shi ba. Ina son abin da nake karantawa, amma ina tsoron ranar da zan gama in zauna a gida, ya ce ai ya faɗa min. Ya zan yi?

'Yarki, ɗalibar harsuna

'Yata, kin jero hujjojin Baba guda uku, taki damuwar kuwa kin ratsa ta a tsakiyar wasiƙa kamar ba ta da nauyi. Ni ita ta fi tsaya min a rai: shekara guda kina karatun harshe, baki bai buɗe ba. Da ita zan fara, don amsar sauran duka a jikinta take. Mai digirin Faransanci da ba ya iya riƙe hirar minti biyar da Faransanci, shi ne mutumin da mahaifinki yake gudun ki zama. Ba shi ya ƙirƙire shi ba. Jami'o'i suna yaye irinsa duk shekara, kuma ba zan yi mamaki ba in cikin abokan da ya yi shawara da su akwai mai irin wannan ɗan zaune a gida.

Amma kada ki ɗora wa ƙwaƙwalwarki laifi. Maganar lissafi ce. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da makarantar da take koya wa jami'anta harsuna kafin ta tura su aiki, kuma ta daɗe da fitar da ƙiyasin lokacin da mai jin Turanci yake buƙata kafin ya iya aiki da sabon harshe. A tsohon ƙiyasinta da ya fi shahara, Faransanci da Sifaniyanci suna rukuni mafi sauƙi, awa 600 zuwa 750 a aji. Jamusancin da ake haɗa muku, wajen awa 900. Rashanci 1,100. Larabci, Sinanci, Japananci da harshen Koriya kuwa awa 2,200. Su fa waɗannan manya ne da aka ɗauke musu kowane aiki, ana biyansu albashi don su koya, su 'yan kaɗan a aji, kuma bayan an tashi akwai awoyin bita da ba a saka a wannan lissafin ba.

To ɗauko jadawalinki na bara ki ƙirga. Cire darussan gama-gari da ake ɗora wa duk ɗan aji ɗaya. Cire waɗanda ake bayaninsu da harshen da kika riga kika sani. Bar waɗanda ake jin Faransanci ana mayarwa kaɗai. A ce kin samu awa shida a mako. Sau mako 14, sau zango biyu, awa 168 ke nan. Sannan in ku hamsin ne a ajin magana, aka raba awa ɗaya daidai-wa-daida, rabonki minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi, shi ma in malami bai ce uffan ba. Kin kuma san ba haka rabon yake ba. Mutum biyu ko uku ne a layin gaba suke cinye lokacin, galibi waɗanda suka shigo da harshen a bakinsu, sauran kuna sunkuyar da kai kuna addu'ar kada a kira sunanku. Wadda ta yi shekara a haka ta ci jarrabawa ta koyi nahawu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Magana dai ba ta fara ba tukuna.

Abin da sashe ba ya cika faɗa wa sababbin ɗalibai ƙarara shi ne, digirin harshe ba ajin koyon hira ba ne. An gina shi a kan nahawu, ilimin sauti, adabi, fassara, da tarihi da al'adun masu harshen. Tsarin ya ɗauka cewa awoyin sauraro da magana ke za ki nemo abinki a waje. Da yawa ba sa farga sai a aji huɗu, lokacin da aka ce su kare kundin bincikensu da baki.

Don haka kafin ki ce wa Baba e ko a'a, nemi ma'aunin da ba na malamanki ba. A 2001 Majalisar Turai (Council of Europe) mai mazauni a Strasbourg ta fitar da tsarin auna iya harshe mai hawa shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2, kuma yau shi ma'aikatu da jami'o'i da yawa suke tambaya. Mai A2 yana iya gabatar da kansa, ya tambayi hanya, ya biya ƙananan buƙatu. Mai B1 yana iya ba da labarin abin da ya same shi, ya faɗi ra'ayinsa a taƙaice. A B2 ne harshe yake fara zama kayan aiki: ki saurari muhawara ki bi zarenta, ki kare matsayinki ba tare da kin wahalar da mai sauraronki ba, ki rubuta rahoto. Yawancin jami'o'in Faransa B2 suke nema daga baƙon ɗalibi. Jarrabawar Faransanci ita ce DELF daga A1 zuwa B2, sai DALF a C1 da C2. Ma'aikatar ilimin Faransa ce ke ba da takardar, an fara tun 1985, kuma ba ta da wa'adi. In kin ci, kin ci ke nan. Ana zana ta a cibiyoyin koyar da Faransanci na Alliance Française da makamantansu a ƙasashe da dama. DELF sassa huɗu ce, sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana haye ta da 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 a sashe ɗaya ya faɗi ko da ya cike sauran. A matakin B2 ana miƙo miki ɗan gajeren rubutu, a ba ki rabin awa ki shirya, sannan ki zauna ke kaɗai gaban masu jarrabawa na minti ashirin, kina bayani suna ja da ke. Nan ba layin baya, ba wanda za ki ɓuya a bayansa.

Ki sa wa kanki B1 kafin ƙarshen wannan shekarar da za ku shiga, B2 kafin ƙarshen ta uku. Yadda za ki kai ba wani sirri ba ne, naci ne. Gidan rediyon Faransa, RFI, yana da labaran duniya cikin sauƙaƙƙen Faransanci, minti goma a rana, kuma suna saka rubutun abin da aka karanta. Saurara sau ɗaya ba ki duba rubutun ba. Saurara kuma kina bi da ido. Karo na uku ki riƙa faɗa tare da mai karantawa, da ƙarfi, kina kwaikwayon hawa da saukar muryarsa, ko da 'yan ɗakinku za su yi miki dariya. Sai ki rufe komai, ki kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarki, ki maimaita labari ɗaya da kalmominki na minti biyu. Ranar farko in kin saurari kanki za ki ji kamar ki goge. Kada ki goge, ajiye, bayan wata uku ki kwatanta. Waɗancan na layin gaba kuma da kike jin haushinsu, kama ɗaya ki yi ƙawa da ita, ku ware rabin awa kullum da ba a yarda wani harshe ya shigo ba. Mai jin kunyar kuskure a gaban mutum ɗaya ya fi mai jin ta a gaban hamsin saurin warkewa. Jamusanci kuwa, a wannan shekarar ki yi masa abin da zai sa ki ci jarrabawarsa da kyau, ki bar shi a nan. Taura biyu ba sa taunuwa lokaci guda. Shi ma yana da tasa jarrabawar ta cibiyar Goethe, za ta jira ki.

Yanzu mu zo kan Baba. Hujjarsa ta farko rabinta gaskiya ce, kuma gara ki ji daga bakina. In kin cire koyarwa, da wuya ki ga sanarwar aiki da ta ce ana neman mai digirin Faransanci, shi ke nan. Koyarwa ba abin raini ba ce, kowane mai jin harshen waje akwai malamin da ya fara buɗe masa baki, amma sana'a ce da ya kamata a shiga da niyya. Wadda ta faɗa cikinta don ba yadda za ta yi, ɗalibanta ne za su ɗanɗana.

Tafinta da fassara kuma, waɗanda kowace ɗalibar harshe take ambata in an tambaye ta me za ta zama, sana'o'i ne masu zaman kansu, digirin farko ƙofa ce kawai. Manyan makarantunsu, irin ta Geneva da aka kafa a 1941 da ESIT ta Paris, sai an ci jarrabawar shiga mai tsanani. In kin taɓa ganin babban taro a talabijin, duba bayan zauren za ki ga ƙananan ɗakunan gilashi. Mutum biyu ne a kowanne, da abin sauraro a kunne. Ɗaya yana jin mai jawabi yana mayarwa cikin wani harshe a lokaci guda, tazarar 'yan daƙiƙoƙi ce tsakaninsu. Ɗayan yana gefe da biro yana rubuta masa alƙaluma da sunaye a takarda yana turo masa. Kusan duk rabin awa sai su yi musanya, don kai ba ya jure fiye da haka ba tare da kuskure ya fara yawa ba. A shari'ar Nuremberg ta 1945, wadda aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara nuna wa duniya wannan salon, da harsuna huɗu. Aiki ne mai daraja, masu yin sa kuma ba su da yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya harsuna shida take aiki da su, Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci, kuma galibin guraben harshe a can sai mai uku daga cikinsu. Saboda haka kada ki je ki yi wa Baba alƙawarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Zai gane kina sayar masa da mafarki, sauran maganarki ma ta rasa ƙima.

Inda rabin hujjarsa ya gaza shi ne, ya ɗauki Faransanci da lauya kamar abokan gaba. Harshe yana biya ne in an ɗora shi a kan wani fanni, kuma fannin da ya zaɓa miki yana cikin waɗanda suka fi dacewa da shi. Kotun Duniya da Kotun Hukunta Manyan Laifuka, duka a birnin Hague, da Turanci da Faransanci suke aiki. A 1993 aka ƙulla yarjejeniyar OHADA, wadda a yau ƙasashen Afirka 17 suke bin dokar kasuwanci iri ɗaya a ƙarƙashinta, babbar kotunta tana Abidjan, kuma yawancin ƙasashen masu Faransanci ne. Duk kamfanin da zai ƙulla kwangila a can yana buƙatar wanda ya san doka kuma yake karanta ta a harshen da aka rubuta ta. Bankin Raya Afirka ma da waɗannan harsunan biyu yake aiki. Ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross da likitocin sa-kai na MSF suna da ayyuka da yawa a ƙasashe masu Faransanci, suna neman akanta, jami'in kaya, ma'aikaciyar lafiya, mai sa ido kan ayyuka, kuma cikin masu nema biyu da suka yi kunnen doki, mai harshen ne yake wucewa. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙiyasta masu jin sa da miliyan 321 a rahotonta na 2022, kuma mafi yawan masu magana da shi kullum a Afirka suke.

Ga kuma wata gaskiyar da take bayan mahaifinki, ba zan ɓoye miki ba. Ba a zama lauya sai da digirin lauya, amma ana iya jin Faransanci tsaf ba tare da digirinsa ba. Wadda ta karanta lauya ta riƙa bin darasin yamma har ta ci DALF, ta haɗa biyun ke nan. Wadda ta karanta Faransanci kuwa sai ta nemo fanni na biyu daga baya, ta hanyar darussan zaɓi a tattalin arziki ko hulɗar ƙasashe ko doka, da kundin binciken da ta karkata wajen, sannan digiri na biyu. Duk hanyoyin suna ɓullewa, ta farkon ma ta fi miƙewa. To me digirin yake ba ki da darasin yamma ba zai ba ki ba? Zurfi. Adabi, tarihi, yadda harshe yake aiki, horon fassara, da dogon zama cikin masu harshen. Nan ne tambayar da ke kaɗai za ki iya amsawa. A bara, ranar da aka ba ku littafi ku karanta ku yi sharhi, ko aka yi lakca kan tarihin juyin juya halin Faransa, kin ji daɗi ko kin riƙa duba agogo? In daɗin sautin harshen da burin iya hira da shi ne kawai suka jawo ki, sauran kuma nauyi ne a kanki, canjin da Baba ya kawo ba asara ba ce, ki tafi da Faransancinki a hannu. In kuwa kin sami kanki kina karanta abin da ba a ce ki karanta ba, to kina inda ya dace da ke, kuma lauyar da aka yi ta da rabin zuciya ita ma tana iya zama a gida.

Maganar waya ba zan daɗe a kanta ba, don ba ta da musu sosai. Google Translate ya fito a 2006, ya yi babban tsalle a 2016, daga ƙarshen 2022 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo. Sun cinye fassarar yau da kullum: wasiƙu, bayanin kaya, saƙonni. Masu fassara da yawa yanzu aikinsu gyara abin da na'ura ta fitar ne. Sai dai kuskuren na'ura sumul yake fitowa, jimla mai kyau da ma'anar da ba ita ba, kuma mai B1 ba zai gan shi ba, sai wanda ya fi na'urar sanin harsunan biyu da fannin da ake magana a kai. Kwangila, shaidar kotu, bayanin likita ga majinyaci, nan dole a sami mutumin da zai sa hannu ya ɗauki alhaki. Kuma ba wanda ke ƙulla amana da abokin ciniki yana miƙa masa waya a baki. Abin da na'ura ta kashe shi ne kasuwar mai rabin harshe, wanda a da yake ci da ɗan abin da ya sani. Kin ga mun sake komowa kan bakin nan naki da bai buɗe ba.

Ta ukun, wadda ta yi miki ciwo. Kada ki ji ta a matsayin zargi. Uba ne yake kallon 'yarsa za ta shiga ɗakin da shi ba zai iya bin ta ba, za ta karanta abin da ba zai iya dubawa ba. Wannan tsoron daga ƙauna yake, kuma ba a kawar da shi da cewa zamani ya canza.

Koyon harshen wasu ba baƙon abu ba ne a wajen magabata. Sananne ne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bn Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa. A Bagadaza ta ƙarni na 9 masu fassara irin su Hunainu bn Is'haƙ suka juyar da littattafan likitancin Girkawa zuwa Larabci. Su ma Turawan ba don nishaɗi suka kafa makarantun harsunan wasu ba: ta Paris da ake kira INALCO tun 1795 take, ta Landan, SOAS, tun 1916, don diflomasiyya da kasuwanci da mulki aka gina su, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka koyar a dukansu. Sun daɗe da gane cewa wanda ya san harshenka da tarihinka ya fi ka ƙarfi a teburin ciniki in kai ba ka san nasa ba.

Darasin al'adu a jami'a kuma, in malami ya san aikinsa, ba koyar da kwaikwayo ba ne, koyar da dalili ne. Ɗauki abin da zai iya shafarki kai tsaye. Kowa ya ji ana cewa Faransa ta hana hijabi. Ɗalibar da ta yi karatun za ta san zaren: juyin juya halin 1789 da doguwar rigimar gwamnati da cocin Katolika, dokar 1905 da ta raba addini da hukuma, dokar 2004 da ta hana ɗalibai saka alamomin addini na fili a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, ban da jami'a, sai dokar 2010 da ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Sanin wannan bai tilasta miki yarda da shi ba. Cikin Faransawan ma har yau ana muhawara a kai. Amma kin san inda dokar ta fara da inda ta tsaya, kin san haƙƙinki, kuma in kin tashi suka, da hujja za ki yi. Haka ɗalibai baƙaƙen fata suka yi a Paris a shekarun 1930, su marubuta waƙoƙi Senghor na Senegal da Césaire na Martinique, suka ɗauki harshen mai mulkin mallaka suka mayar masa da martani da shi. Takardun mulkin mallakar Faransa masu yawa suna ajiye a Aix-en-Provence. Tarihin al'ummomi da dama ne a ciki, kuma sai mai harshen zai karanta abin da aka rubuta a kansu.

Ba zan ce miki karatun ba ya canza mutum ba. Yana canzawa. Akwai masu dawowa suna yatsina fuska ga komai na gida, magana ɗaya biyu sai su ce ai a can ba haka ake yi ba. A lura da na yi, galibinsu sun tafi ne ba su san nasu da kyau ba, sai na wasu ya zama abu na farko da suka taɓa nazari da hankali. Maganin shi ne ki riƙa karatun naki da irin natsuwar da kike ba nasu: addininki, tarihinki, da harshenki na uwa. Wannan ma ba don tarbiyya kaɗai ba. Ƙa'idar ƙwararrun masu fassara ce mutum ya fi fassarawa zuwa harshen da ya fi ƙarfi a kansa, kuma mai gurguwar Hausa ko gurgun Turanci ba ya zama gwanin fassara komai kyan Faransancinsa.

Shekarar zuwa waje kuwa, haɗarin da na fi gani ba wanda Baba yake hange ba ne. Ɗalibai su tafi su ashirin, su sauka gida ɗaya, su ci tare, su yi hira da harshensu dare da rana, su dawo da hotuna da Faransancin da suka tafi da shi. In kin je, ki nemi abin da zai tilasta miki magana: ɗakin da ba 'yar ƙasarku a ciki, ƙungiyar ɗalibai, aikin sa-kai. Amma tun kafin nan, je ofishin sashenku ki samo amsa a rubuce: wace ƙasa, wace makaranta, wata nawa, ina ɗalibai mata suke kwana, wa yake kula da su, nawa ake kashewa, dole ce ko zaɓi. Ƙasa mai Faransanci ba Faransa kaɗai ba ce, ta yiwu ma inda ake tura ku ya fi kusa da yadda Baba yake zato. Yawancin fargabar iyaye a kan abin da ba a fayyace musu ba take girma.

A wannan zuwan ki tambayo wani abu kuma, shi ne mafi gaggawa: har zuwa wane aji ake karɓar canjin kwas, wane maki ake nema, kuma shekara nawa za ki rasa in kin canza bana, nawa in sai baɗi. Da Baba ya ce tun da wuri, yana da dalili, jinkiri yana da tsada kuma shi zai biya. In ƙofar bana kaɗai take buɗe, to tambayar da na yi miki ɗazu kan littafi da agogo ita za ki zauna da ita, ki yi istihara, ki yanke. In kuwa za ta kai baɗi, kina da abin da za ki roƙa.

Kada ki je masa da gardama, kuma kada ki kai masa wannan shafin ki ce ga abin da Anti ta ce. Fara bi ta wajen Mama ta san abin da ke ranki. Sannan ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ki gode masa da ya ba ki zaɓi bai yanke ba, don ba kowane uba ke yin haka ba. Ki ce masa kin duba maganarsa kin ga inda take da gaskiya, ki faɗi wuraren da bakinki. Sai ki ajiye masa takarda ɗaya: matakin da za ki kai da watan da za ki zana jarrabawar, fannin da za ki haɗa da harshen da darussan da za ki ɗauka saboda shi, da amsoshin da kika samo daga sashe. Ki roƙi shekara ɗaya. Ki kuma faɗa masa a fili cewa in kin yi iya yinki B1 ta gagara, ke da kanki za ki ɗauko takardar canjin, ba sai ya sake magana ba. Ki tabbata da gaske kike kafin ki furta, don zai riƙe ki a kai.

Kuɗin rajistar DELF ɗin ma shi za ki roƙa, kada ki tara a ɓoye. Ranar da sakamako ya fito, shi za ki fara kai wa, ko mene ne a ciki.

Antinki